Badukun da Ya Farke Littafina

Labarin ya same ni a Gaya, bakin kogi, ina tsaye kan kayana ina jiran jirgin fito. Wani mai jakai daga wajenmu ya gaishe ni, ya tambayi hanya, ya tambayi kasuwar goro, sai da muka kusa rabuwa ya ce, "Ashe ba ka ji ba? Badukun Matankari ya riga mu gidan gaskiya." Na zauna a kan buhun da ke kusa da ni. Na Allah ne mu duka kuma wurinSa za mu koma, wannan na san shi tun ina yaro. Amma hannuna bai tafi ga tasbaha ba. Aljihun ƙirjina ya tafi, inda wata takarda take kwance cikin fata shekara goma sha ɗaya.

Badukun nan taubashina ne, ɗan kawuna, ya girme ni da damina shida. Ɗan mace yake kirana, ni kuwa ina ce masa ɗan namiji, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa ba tare da mun yi wa juna tsiya ba.

Na iso Matankari ran kwana na shida, an riga an kai shi. A gindin gawon ƙofar gidansa na tarar da masu zaman makoki. Na yi zaton malamai zan gani, tun da shi ke ɗinka musu gafakar littattafai, da 'yan kasuwa masu sayen takalmi da zabira. Suna nan. Amma akwai Fulani daga wajen Dogon Kiriya da sandunansu jingine da itace, akwai matan bori zaune gefe guda, akwai 'yan lakwal, wato makarantar boko, maza da mata sun fi ashirin, kuma ba mai korarsu. Da na ƙara dubawa sai na ga kusan kowa yana rataye da wata 'yar jakar fata mai faɗi kamar tafin hannu biyu, irin wadda ke aljihuna.

Wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da nono ta kama hannun rigata, ba ta ma san ni ba. Ta ce, "Yanzu wa za shi ce mini na yi ƙarya? Kowane mako sai ya ce mini na yi ƙarya, kuma ƙaryata ta fi ta kowa daɗi." Ta saki rigar ta rufe fuska da zanenta. Liman, wanda ya yi masa salla, abin da ya ce mini kawai shi ne, "Mun yi gardama da shi shekara da shekaru. Ban san zan rasa abokin gardama haka ba." Daga cikin zaure, bayan asabari, matarsa da ke takaba ta ji muryata. Ba ta amsa gaisuwata ba sai da ta ce, "Alhaji, ka zo da shi?" Na ce na zo da shi. Ta ce, "To. Sannu da hanya."

Bayan sadakar bakwai babban ɗansa ya ja ni gefe. Mai rubutu ne a biro, wato ofishin kumandan, Baturen mulki, a Dogon Dutsi, mutum mai natsuwa, ba ya son magana ta yi tsawo. Ya ce, "Baba, kai ne babba yanzu, sai ka ji. Adakar littattafansa kusan ba komai cikinta. Duk ya watsa su gidajen mutane, falle-falle. Liman ya ce ba a raba gado sai an tattaro kayan mamaci daga hannun mutane. Na sa a faɗa, ran arba'in kowa ya kawo abin da ke wurinsa. In sun taru mu ɗinke, mu raba."

Na ce, "In kun raba, ina za su?"

Ya ce, "Ƙanena yana Dosso, ƙanwata tana aure Birnin Kebbi. Kowa ya ɗauki nasa. Baba, ba son takardun nike ba. Tsoron haƙƙi nike."

Ban ga laifinsa ba. Amma na san in takardun nan suka bar Matankari, zaman gindin gawo ya mutu tare da mai shi. Shi ya sa nake wannan rubutu, don a san abin da zaman yake da kuma mutumin da ya ƙirƙiro shi.

Bai taɓa wuce Dosso ba. Ajami ya koya a makarantar allo kamar kowa. Baƙaƙen boko kuwa ya haura shekara arba'in kafin ya san su. Wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Turawa ne ya zana masa su a ƙasa, shi kuma ya ɗinka masa takalmi da kube. Tun daga nan duk takardar da ya gani sai ya tsince ta. A adakarsa akwai waƙoƙin wa'azi na ajami da ya kwafa da hannunsa, da wani tsohon littafin koyon Faransanci da bangonsa ya fita, da takardun hotuna da ake naɗe kaya da su a kanti, da wasiƙun da masu su suka yarda a ajiye. Abin da ya mallaka ke nan. Na ga ɗakunan karatu a yawona, kuma ba zan ce adakar nan ta kai shiryayye guda na mafi ƙanƙantarsu ba.

Gawo itace ne da ke kaɗe ganyensa da damina, ya yi inuwa da rani. Ya ce shi ma haka zai yi. Da damina ba zama, kowa yana gona. In an kai amfani gida, washegarin kasuwa bayan azahar, sai ya shimfiɗa fatu a inuwa ya fito da adaka, yana ɗinki yana jiran mutane.

Da farko yara ne kawai. A lokacin mutanenmu ɓoye 'ya'yansu suke kada a kai su lakwal, waɗanda aka kama aka kai kuwa ana yi musu kallon waɗanda suka ɓace. Shi ne mutum na farko da ya ce wa ɗan lakwal, "Zo ka karanta mini." Yakan ɗaga takardar hoto ya nuna wa tsofaffin da ke zaune, ya ce kowa ya faɗi abin da yake ganin rubutun ƙarƙashin hoton ya ce. Wani ya ce mutumin da ke ciki ɓarawo ne, wani ya ce likita ne. In sun gama gardama sai yaro ya karanta ya fassara, wanda ya fi kusa da gaskiya a ba shi goro guda. Tsofaffin da suka rantse ba za su taɓa takardar Nasara ba, sai ga su suna zuwa tun kafin a shimfiɗa fatu, don kada wani ya riga su cin goron.

Wata rana ta wasiƙa ce. Matan da mazansu ko 'ya'yansu suka tafi cin rani Gwanja sukan zo da wasiƙunsu. In ajami ce dattijo ya karanta, in boko ce yaro. Wadda ba ta son a ji nata, sai ta ja mai karatun bayan zana. Wata rana kuma sai ya sa tsoho guda a tsakiya ya ba da labarin yadda aka haƙa rijiyar unguwarsu ko yadda kakanninsa suka sauko daga dutse, yara uku suna rubutawa, kowa nasa. In an gama a karanta wa tsohon duka ukun, ya zaɓi wanda bai yi masa ƙari ba. Wannan takarda sai ta shiga adaka ta zama littafi. Yakan ce, "Kun ga, mu ma muna da abin da za a karanta."

Tsofaffin mata sun taɓa tasowa a kansa. Suka ce ba a yin tatsuniya da rana, yaron da ya ji yakan ɓata a daji. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Iyayena, tatsuniya daga baki take fita, ba a san inda ta kwana ba. Wagga ga ta nan a takarda, ta kwana cikin adakata, na san ta." Suka ce wayo ne. Suka zauna don su ga yaron da zai fara ɓata, har aka saba da su a wurin.

Yanzu zan zo ga abin da ya shiga tsakaninmu.

Ni fatake na bi tun ina saurayi, da fatu da goro. Na zauna Kumasi, na je Ndar a bakin teku, na yi hajji a ƙasa ta hanyar Fort-Lamy da Khartoum, na ji Zabarmanci da Fillanci da Faransanci da ɗan Larabci da Turancin kasuwa. Ko'ina na je ina leƙa inda ake ajiye littattafai. A Ndar na shiga wani ɗaki mai tsawo, littattafai har rufi, da mai gadi a ƙofa. Na tuɓe takalmi kamar zan shiga masallaci, aka yi mini dariya ba sauti, don a can ba a magana. A Kano na ga na malamai, rataye cikin gafaka, ba mai taɓawa sai almajirin da ya kai. A Khartoum na ga mutum guda yana karanta wa masu shan shayi labari, shi kaɗai ke riƙe da littafin, sauran kunne ne nasu. Duk inda na je littafi abu ne da ake tsaro. Haka na ɗauka daidai ne.

A Kano na sayi wani littafin labari da aka buga da Hausar boko, mai jan bango, ɗinkakke tsaf. Labarin wani mai haƙar rijiya ne da yake bin gari-gari yana neman inda ruwa yake. Ban taɓa ganin Hausa a buge haka ba, kuma na san wanda zai fi kowa murna. Na kawo masa. Ya wanke hannu kafin ya karɓa. Ya shinshina shi. Ya ce, "Ɗan mace, yau ka yi abin kirki, a rubuta."

Na tafi Kore Mairuwa sayen fatu, na yi kwana ashirin. Da na dawo na tarar da shi a gindin gawo da wuƙar dukanci a hannu. Jan bangon yana gefe kamar ɓawon gyaɗa. Ya yanke zaren, ya raba littafin falle-falle, yana ɗinka wa kowane falle 'yar jakarsa.

Na ce, "Mi ka yi?"

Ya ce, "Zauna, bawana, ka riƙe mini nan."

"Littafi ne! Ba fatar akuya ba!"

"Littattafan malamanmu duka falle-falle su ke. Wa ya ɗinke su? Naka yana ɗinke, mutum guda ka riƙe shi, sauran su yi kallo. Yanzu gida talatin za su riƙe shi. Kowane gida falle guda. Ran zama kowa ya zo da nasa, a karanta bi da bi. Wanda bai iya ba ya nemi ɗan lakwal ya karanta masa a gida har ya zauna masa. Wanda bai zo ba, labari ya yi rami, kowa ya san ramin wa ne."

Da na tsaya na saurara da na gane. Amma ina ganin hanyar Kano a idona, da yadda na naɗe littafin cikin rawanina don kada ruwa ya taɓa shi. Na ce masa, "Kai baduku ne, yanka ka sani. Ba ka taɓa ganin ɗakin karatu ba. Mutumin da bai wuce Dosso ba shi zai koya mini yadda ake riƙon littafi?"

Tsakanin taubasai ana faɗin abin da ya fi wannan a yi dariya. Amma ya ji muryata, ya san ba wasa nake ba. Bai ɗago ba. Ya gama ɗinkin da ke hannunsa, ya ciji zaren, ya zaɓi falle guda daga tsakiya ya sa a jakar, ya miƙo mini.

Ya ce, "Wanga naka ne. Ba aro ba. Ranar da ba ka zo ba, ba mai karanta shi."

Na karɓa don mutane suna kallo. Na yi niyyar jefar da shi a hanya. Ban jefar ba, kuma ban koma ba. Sau biyu a shekarun nan na shigo ƙasarmu ta Arewa, na kwana Dogon Dutsi, ban hau Matankari ba. Nakan aika masa goro da gaisuwa. Duk wanda na aika sai ya dawo mini da amsa iri ɗaya: "Ya ce a gaya maka mutumin yana cikin rijiya har yanzu."

Na san abin da yake nufi. A fallen da ke gaban nawa, mai haƙar rijiya ya sauka ƙasa, abokan aikinsa sun janye igiya sun gudu da kayansa. A fallen da ke bayan nawa, ga shi a kasuwa yana sayen jaki. Yadda ya fito, yana aljihuna.

Abin da ya faru a bayana, jikarsa ce ta ba ni labari a kwanakin makokin nan. Budurwa ce yanzu, tana cikin 'yan matan farko da aka kai lakwal daga unguwar, kuma ita ta fi kowa karatu a gindin gawo.

Ta ce rabon fallayen bai tafi salin-alin ba. Lokacin ba a daɗe da barin aikin tilas ba, takarda in ta shigo gida ba alheri take kawowa ba. Wani manomi da ya dawo ya tarar da falle a ɗakinsa ya ɗauka sammacin kumandan ne, ya kwana uku a gona yana ɓoye, sai da marigayin ya bi shi da kansa. Wata mata ta jiƙa nata cikin ƙwarya don ta ba ɗanta mai zazzaɓi ya sha, kamar rubutun allo. Tawadar ba ta fita ba, takardar ta kusa narkewa. Bai yi mata faɗa ba. Ya shanya fallen a kan faifai, ya manna shi a kan wata takarda, sannan ya je ya zauna da yaron har ya ji sauƙi. Tsohuwar Bafulatanar nan kuwa rataya nata ta yi a wuyan saniyarta mai wuyar tatsa. Ya ce mata, "Inna, ba laifi, amma ran zama ki zo da saniyar ta karanta."

Jikar ta ce a hankali abin ya kama. Yaro ya je gidan tsoho ya karanta masa fallensa sau biyar, sau goma. Ran zama yaron ya karanta, tsohon kuma ya mai da Hausar Kano zuwa tamu, yana gyara wa yaron baki. Dattawan da ba su taɓa zama tabarma guda da 'yan lakwal ba suka koma aika a kira musu su. Wasu suka fara gane baƙaƙen da kansu, don falle guda ne, kuma sun daɗe suna kallonsa. In an kai ƙarshen labari sai a yi musanya, kowa ya koma gida da sabo in yana so. Da ya ga haka sai ya raba waƙoƙin ajamin ma, nan kuma tsofaffi ke karantawa yara suna bi.

Na ce mata, "To, in an zo nawa fa?"

Ta yi murmushi. Ta ce, "Sai Kaka ya ajiye basilla ya ce, ‘Ga mutum a rijiya, mai fallen ya tafi yawo. Wa zai fito da shi?’ Yara ka fara, sannan manya."

Ta ce nan ne zaman ya fi cika. Wani yaro ya ce tururuwa suka tona masa hanya. Tsohon soja ya ce da wuƙa ya yi matakala, kamar yadda suka yi a ramin yaƙi. Uwar bori ta ce Doguwar da ke rijiyar ce ta ɗauko shi don ya gaishe ta da ladabi, Liman ya ce a'a, addu'a ya yi, ruwa ya taso da shi, suka yi ta yi har la'asar. Bafulatana kowane zagaye da sabon nata, kuma kullum da saniya a ciki. Shi kuwa ya saurari kowa, ya ce, "Ƙarya ne, amma ta yi daɗi." Sau da yawa an roƙe shi ya aika Kano a sayo wani littafin a ga gaskiya. Ya ce, "Fallen yana da mai shi. Zai zo."

Ran arba'in, bayan an yi addu'a an raba waina, babban ɗan ya shimfiɗa tabarma ya ajiye adakar a buɗe. Mutane suka matso da jakunkunansu, ba mai son ya fara sakawa. Sai muryar matar marigayin ta fito daga bayan asabari.

"Kafin ku karɓe, a karanta shi sau ɗaya. Bai taɓa jin sa cikakke a bakin mutane ba. Mu mu ji."

Ɗan ya dubi Liman. Liman ya ce ba abin da zai hana.

Fallen farko yana ƙasan adaka, shi ne wanda marigayin ke karantawa da kansa. Jikar ta ɗauka ta karanta. Daga nan aka bi, gida-gida. Na ji manomin nan da ya taɓa gudu yana karanta nasa da yatsa a kan layi, ba yaro a gefensa. Aka zo inda aka janye igiya. Aka tsaya, don mai cewa wa zai fito da shi ba ya nan. Na tashi. Na ciro jakar daga aljihu na kwance ta.

Abin da ke ciki ba shi da yawa. Mutumin ya kwana biyu a ƙasa yana kira. Wata yarinya ta zo neman akuyarta ta ji murya. Ba ta iya jan sa ba, sai ta koma gari ta faɗa. Mutanen gari suka zo da igiyoyin gugansu, suka ƙulla su wuri guda, suka ja shi.

Na gama na tsaya. Can sai Bafulatana ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Inna."

"Ba saniya?"

"Akuya dai."

"Shekara goma sha ɗaya kana yawo da wanga? Wallahi nawa ya fi!"

Dariya ta ɓarke, irin wadda ke zuwa da hawaye. Ita ce ta farko a ƙofar gidan tun rasuwar. Har ɗan ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa.

Da aka lafa matar ta ce, "Alhaji, kana zaton bai san abin da ke ciki ba? Sau uku ya karance littafin kafin ya sa masa wuƙa. Da gangan ya zaɓa maka wannan. Ya ce matafiyi za a ba, don yara su sami wurin sa nasu. Ya kuma ce ko don kunyar mutumin da ka bari a rijiya, za ka dawo."

Na zauna.

Aka ƙarasa labarin har ƙarshe. Sannan Liman ya gyara zama ya ce yana da tambaya, kuma ya kamata ya yi ta tun farko. Ya ce, "Da ya ba ku takardun nan, aro ya ce ko kyauta?"

Bafulatana ta ce, "Ya ce nawa ne." Manomin ya ce shi ma. Haka aka bi da su. Liman ya ce duk masu riƙe da abu ne, ana son wanda zai yi shaida ba don kansa ba. Matar ta ce, "Ni ina da rabo cikin gadon, kuma ina shaida a kan rabona. Daga nan nike jin sa kullum. Bai taɓa cewa aro ba." Liman ya juyo wurina, tun da ni na kawo littafin. Na faɗi kalmomin da ya gaya mini ranar da na zage shi, ban rage ko ɗaya ba, har da zagin.

Liman ya ce abin da mutum ya bayar da ransa da lafiyarsa, aka kuma karɓa, ya fita daga gado.

Ɗan ya daɗe yana kallon adakar. Ba abin da ya saura cikinta sai basilla biyu, da wuƙar dukanci, da jan bangon nan, da fallen farko da jikar ta mayar. Ya ce, a hankali, kamar da kansa yake, "Kowa ya ba nasa. Ni bai ba ni ba."

Uwarsa ta ce, "Kana Dogon Dutsi ran zama. Wa zai ba falle ga wanda ba ya zuwa?" Sannan ta ƙara, "Ban da wancan bawan nasa."

Ya sa hannu ya ɗauki fallen farko. Ya ce in ƙannensa sun yarda, wannan ne rabonsa daga adakar, su ɗauki sauran. Ya ce amma washegarin kasuwa yana biro. Manomin ya ce, "To a mai da shi Lahadi, wa ya hana?"

Rani ya shigo yanzu, gawo ya yi ganye. Na sayar da jakaina, na gyara ɗakin mahaifiyata da ke bayan gidan kawu. Kowace Lahadi ɗan yana tahowa daga Dogon Dutsi a kan keke, ya jingine shi da itace, ya karanta fallen farko da muryar biro, Bafulatana tana ce masa ya rage gudu ba kumandan ke jira ba. In an zo rijiya jikar ce ke cewa wa zai fito da shi. Yara su fara, manya su bi, ni ne na ƙarshe. Wani mako sukan ce kada in karanta, nasu ya ishe su. Sai in mayar da jakar aljihu in zauna.

Na ga ɗakunan da aka tara littattafai har rufi, amma a gindin itacen nan na ga gari guda yana riƙe da littafi ɗaya. Wanda ya yi wannan bai wuce Dosso ba, kuma ni na gaya masa haka don in ɓata masa rai.

Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa inuwar da ya yi wa mutane ta same shi a can. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya yafe mini abin da ban samu na roƙe shi ba.

Ɗan namiji, mutumin ya fito. Na makara, amma ya fito.